Matar da Ta Ɗaure wa Babanmu Hannu

Ni dai jinina bai haɗu da na Anti Naomi a farkon gani ba, ita ma kuma ban ga alamar abin ya hana ta barci ba. Naomi Irmiya sunanta, likitar gashin ƙashi ce a wani asibitin gwamnati a nan cikin Kaduna, irin waɗanda ake tura wa mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda aka cire wa filasta don su sake koya wa gaɓa aiki. Gajeruwa ce kakkaura, ga murya. In ta ce wa majinyaci "ɗaga", har na gadon kusa da shi sai ya ɗaga nasa. Ranar farko da muka je ko gaisuwar kirki ba ta tsaya ta yi da ni ba, hannun Baba kawai ta kama ta hau juyawa.

Ni sunana Hafsat, tela ce, shagona na jikin gidanmu a Kinkinau. Babanmu Malam Shehu kuwa tun ba a haife ni ba yake zuba tukwanen alminiyom a Panteka, duk gidan da ake girkin biki a layinmu da tukunyarsa ake yi. Wata safiya ya ɗauki buta zai yi alwala, butar ta suɓuce, baki ya karkace, sai ga mutum a ƙasa. Hawan jini ne, ɓarin dama ya tafi. Cikin ikon Allah ƙafa ta dawo, yana takawa da sanda. Magana ma ta dawo, har da faɗan. Hannun dama ne ya ce bai san zance ba, yana nan a dunƙule bisa cinya.

Wanda bai san Baba ba zai ce to mene ne, ai yana da hagu. Da hagun yake sa riga, da ita yake buɗe ƙofa, da ita yake murɗa rediyo, duk bai damu ba. Amma abinci? Ya ce hannun da yake tsarki da shi ba zai kai masa loma baki ba, ko da cokali ne. Har limamin unguwa muka ɗauko ya zo ya yi masa bayani cewa lalura ce, babu laifi a kansa. Baba ya saurara tsaf, ya ce, "Na ji, Allah gafarta Malam. Halal ne, ban musa ba. Ni ne dai ba zan iya ba." Saboda haka mahaifiyarmu, Inna Harira, ita take ba shi a baki. Shi kuma abin na ci masa rai, in ya karɓi loma biyu uku sai ya kawar da kai ya ce ya ƙoshi. Ni nake rage masa ƙugun wando, na rage, na sake ragewa, har na fara ɓoye wa Inna in zan ɗauka.

Ga kuma ciyayya. Tun tasowarmu a ƙofar gidanmu dattawan layi suke haɗuwa bayan magariba, kowa a fito masa da kwanonsa, a haɗa a tsakiyar tabarma a ci tare. Da Baba ya kwanta sai suka koma ƙofar gidan amininsa Malam Zakari mai kayan gwari, gida uku tsakaninmu. Sun yi aike, sun zo da kansu, ya ce ba zai fita ya zauna cikin maza ana ba shi a baki ba. Da an idar da salla yakan kashe rediyo ya jingina da bango, daga can ana jiyo dariyarsu. Wallahi wannan shirun nasa ya fi ciwon kansa tayar min da hankali.

To, sau biyu a mako nake kai shi wurin Anti Naomi a keke. Ta haska masa fitila mai zafi, ta shafa mai ta yi tausa, ta manna masa wasu wayoyi masu sa tsoka motsi, ta lanƙwasa yatsu ta miƙar. Mu dawo gida hannu ya koma yadda yake. Wata ya wuce, wani ya bi, aka tasam ma shekara. Rannan dai na gaji, ni kuwa bakina ba ya ajiya. Na ce, "Anti, wai har yaushe za a yi ta gasa hannun nan kamar masara? Mutum yana ƙarewa a tsaye, ku kuna nan kuna shafa mai!" Na gyara tsayuwa ina jiran ta yayyafa min, don na ga yadda take yi wa masu rashin kunya. Sai ta kashe fitilar, ta daɗe tana kallon hannun. Ta ce, "Gaskiya kika faɗa, Hafsat. Abin da aka koya min ke nan, kuma na zo ƙarshensa." Duk sai na ji wani iri, na rasa inda zan ajiye sauran masifar da na tanado.

Daga baya, da ta fara zama a shagona, na ji tarihinta. A Kafanchan aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya samu karaya a cinya, aka yi ɗori ƙashi ya haɗe amma ƙafar ta sandare, bai sake komawa aiki ba. Ta ce tun tana yarinya take tambayar wanda zai koya wa ƙafar tafiya bayan ƙashi ya warke, ba wanda ya ba ta amsa. Shi ya kai ta karatun fisiyo, wato gashin ƙashi, a Kano lokacin da mata a ajin ba su da yawa. Ta auri Malam Emmanuel, malamin sakandare, suka zauna a Kurmin Mashi. Da aka yi rikicin da ya sa mutane da yawa suka kwashe kaya suka koma tsallaken kogi, ita ta ƙi tashi. "Ina za ni?" in ji ta. "Hajiyar da ke jikin gidana ita ta yanke wa 'ya'yana cibiya." Lokacin da muka san ta saura 'yan shekaru ta yi ritaya.

A aikinsu akwai ƙa'ida, ba a sabunta wa mutum lasisi sai ya nuna ya halarci bita ya ƙaro ilimi. Ta ce da yawa abin da suke yi shi ne su nemi wadda ta fi kusa kuma ta fi gajarta, su zauna a baya suna latsa waya, a ci shinkafa, a karɓi satifiket, a watse. Ita ma ba ta ce ta fi su ba. Amma a makon da na yi mata wannan tsiyar sai ta ga sanarwar wata bita da za a yi a Kano, takanas kan hannun masu shanyewar ɓarin jiki. Ta ɗauki hutunta na shekara, ta haɗa jaka. Abokan aikinta suka yi ta mata tsiya, wai Mama da tsufanki za ki koma aji, sabon ilimin ki kai wa wa, jikoki? Ta ce musu akwai dattijon da ke ramewa a hannunta, in suna da dabara su faɗa, in babu su matsa ta wuce. Ta shiga mota a tashar Kawo.

Wa za ta tarar yana koyarwa? Sadiq! Wani yaro ne da ya yi aikin koyo a ƙarƙashinta shekarun baya, wanda ta taɓa kora daga ɗakin majinyata saboda ya zo da farce zaƙo-zaƙo. Yanzu ya zama Dakta Sadiq, har ƙasar waje ya je karatu. Yana hango ta ya sauko ya durƙusa har ƙasa, ya ce a kawo mata kujera a babban tebur. Ta ce, "Tashi. Ban zo a gaishe ni ba, koya min za ka yi." Ta zauna a layin gaba cikin sa'o'in 'ya'yanta. Da bakinta ta gaya min yadda ta addabi mutane da tambaya, har wata yarinya ta yi tsaki a bayanta don abinci na hucewa. Ta juya ta ce mata, "Je ki ci, 'yata, ni na ci nawa shekara talatin."

Bayan ta dawo da mako guda sai ga ta a shagona da wani tsohon ƙyalle ta yanka shi siffar tafin hannu. Ta ce in ɗinka mata safar hannu mai kauri, marar yatsu, in cusa auduga, irin ta sauke tukunya, da maɗauri a wuyan hannu.

Na auna da ido na ce, "Anti, kin juya shi. Wannan ai na hagu ne."

"Na hagun nake so."

"Hagu kuma? Hagun da lafiyarta ƙalau?"

"Ita za mu ɗaure."

Na ajiye almakashi. Na ce lallai matar nan zafin Kano ya taɓa ta. Mutum na da hannu ɗaya tal mai amfani, a ce shi za a ɗaure? Ta jawo benci ta zauna ta yi min bayani dalla-dalla. Ta ce tun farkon ciwon duk lokacin da Baba ya gwada dama ta ƙi, sai hagu ta yi caraf ta yi aikin, har ƙwaƙwalwa ta saba ta daina aika damar. Ta ce ta duba, yana iya ɗaga wuyan hannun kaɗan, yatsun ma suna ɗan buɗewa, ke nan akwai abin kamawa. "Hannun bai mutu ba, Hafsat, sallamarsa aka yi daga aiki. Muddin hagu na sake ba za a neme shi ba." Ba kowane majinyaci ake yi wa haka ba, in ji ta, amma Baba ya cancanta. Sannan ta ce ita ma sai da ta naɗe hannunta na dama da bandeji ta yi mako guda a gida, don ta san abin da za ta ɗora wa mutum. Malam Emmanuel ya sha miya da gishiri ya yi yawa har ya roƙe ta ta bar masa kicin ɗin.

A gida kuwa aka yi ta. Yayanmu Lawal ya ce ba za a mayar da ubansa abin gwaji ba. Inna ta ce to tsarki fa, alwala fa? Anti Naomi ta ce za a cire in zai shiga banɗaki, da alwala da salla, da lokacin da zai yi tafiya da sanda, da barci, kuma ba yini guda za a fara ba. Baba ya bari suka gama. Can ya ɗago ya ce, "Likita, abu ɗaya zan tambaye ki. Zan ci tuwo da hannuna?"

Ta ce, "Baba, ba zan yi maka alkawarin abin da ke hannun Ubangiji ba. Amma in muka ci gaba da fitila, na tabbata ba za ka ci ba."

Ya miƙa mata hagun, ta ɗaure.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Ta zo da ledar murafen kwalba da 'yan katakai masu launi da ƙwayoyin wake, wai ya riƙa ɗauka yana jefawa a kwano. Baba ya yi, fuska a murtuke, gumi na tsattsafo masa a goshi kan murfin kwalba guda. Ana cikin haka rannan surukan Yaya Lawal suka zo dubiya ba sanarwa, suka tarar da shi zaune a tsakar gida da 'yan katakai ja da shuɗi a gabansa. Wata mai dogon baki a cikinsu ta ce, "Ayya, Baba an koma wasan yara." Ya kai hannu zai ture kayan, ya bugi kofin koko ya kife masa a riga. Ba su kai ƙofa ba ya sa haƙori ya fizge safar ya yi jifa da ita har bakin rijiya. Ya ce matar nan kada ta sake taka masa gida. Ranar ko loma ɗaya bai karɓa ba.

Ni ma na kira ta na wanke ta tas. Na ce dattijon da ya aurar da 'ya'ya, ya yaye maƙera, shi za ki zaunar da kayan wasan 'yan nazare? Ta bar ni na gama. Ta ce, "Kuskurena ne. Na ɗauko abin da na gani a aji na kawo masa, ban dubi waye shi ba." Na ce to an gama ai. Ta ce, "Wa ya ce miki an gama?" Ta kashe wayar.

Ashe 'yan bitar nan suna da taron da suke yi ta waya duk ƙarshen mako, kowa ya kawo matsalar da ta gagare shi. Ta kai tata, ba kunya, a gaban yara. Dakta Sadiq ya ce mata atisayen ba dole sai da katako ba, a nemi aikin da majinyacin yake ƙauna kuma hannunsa ya sani, a gutsuttsura shi ƙanana. Washegari ta zo shagona ta ce in rufe in raka ta Panteka. Na ce ina da ɗinkin biki. Ta ɗauki mayafina ta miƙo min.

Muka kutsa cikin hayaƙi da ƙarar guduma har rumfar Baba, inda Ibrahim, babban yaronsa da ya riƙe wurin, yake aiki. Ta tsuguna a gabansa da atamfarta ta ce ya nuna mata komai daga farko. Ya nuna mata yadda ake jiƙa ƙasa mai laushi, a cika akwatin katako, a danna a jikin tsohuwar tukunya don a fitar da gurbi, sannan a zuba narkakken alminiyom. Ta ce ta yaya ake sanin ruwan ƙasar ya yi daidai? Ya damƙi ƙasar a tafinsa, ya matse, ya buɗe hannu, ga curi nan a tsaye bai ruguje ba. Ta ce ya sake. Ya sake. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Kin gani? Damƙa, matsewa, buɗewa. Da me ya yi miki kama?" Na ce loma. Muka cika bokiti da ƙasa, Ibrahim ya ba mu tsohon akwati, mai keke na ta mita za mu ɓata masa kujera.

Da muka iso Baba na ɗaki, ya ce a gaya mata ba ya nan, da muryarsa kuma ya faɗa. Ta ce ba wurinsa ta zo ba, wurin Hafsat ta zo. Ta baje kayan daidai saitin ƙofarsa, ta ƙifta min ido, ta ɗauki buta ta tuttula wa ƙasar ruwa har ta zama taɓo, ta hau cusawa a akwati tana cewa da ƙarfi, "Ashe aikin nan ba wuya! Ibrahim ya ce haka ake yi." Labule ya motsa. Muka ci gaba da ɓarna. Can muka ji, "Wane jahilin ne ya jiƙa wannan ƙasar?" Sai ga sanda, sai ga Baba. Ya tsaya a kanmu yana huci, ya ce in aka zuba wuta a wannan ai fashewa zai yi ya ƙone mutum, a ƙaro busasshiya. Na ƙaro. Ya zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ya miƙa hagu zai gwada. Anti Naomi ta riga shi, ta ajiye safar a kan ƙasar.

"Baba, da wane hannu ka saba gwadawa?"

Ya harare ta, ya harare ni. Ya ce mata, "Ke dai ba ki da kirki." Ya zura hagun a safar, ya sa haƙori ya ja maɗaurin da kansa.

Ranar bai iya ɗaga ko ƙwayar ƙasa ba, yatsun kawai ya tura ciki. Amma ya ce ta yi ruwa har yanzu, kuma da dama ya ji hakan. Daga nan aka shiga aiki, kullum safe da yamma. Ba zan yi muku ƙarya ba, an sha wuya. Akwai ranar da kafaɗa ta yi ciwo aka dakata, akwai ranar da ya zagi ƙasar ya zagi hannun ya haɗa da ni. Anti Naomi takan biyo in ta tashi daga aiki, ta ɗauki hoton hannun mai motsi da izininsa, ta kai wa 'yan ajinta, ta dawo da gyara: a ɗaga akwatin, a sauke shi, a rage lokaci, a sa ya kai curin har saitin haɓa kafin ya saki. A asibiti ma ta fara tara ƙananan ma'aikata tana koya musu, har da waɗanda suka yi mata dariya. Damina ta shiga ta fita muna abu ɗaya. Babban yatsa da biyun da ke binsa suka fara jin magana. Ƙananan biyun dai har yau a lanƙwashe suke, kuma ta gaya masa gaskiya da wuya su miƙe.

Daga ƙasa aka koma tuwo mai sanyi. Yakan sa a ajiye masa a ɗaki a saki labule, ba mai shiga. Rabi a ciki, rabi a tabarma, Inna ta share. Na daina rage wando. Ni a wurina an gama, har na yi wa Anti Naomi ɗinki na kai mata Kurmin Mashi don godiya. Ta karɓa ta yaba, sannan ta ce, "Ya fita?" Na ce a'a, ya ce hannunsa na rawa, yana da nawa, zai ɓata wa mutane kwano. Ta ce, "To ba a gama ba. Mutumin da ke cin abinci a ɓoye bai warke ba."

Wata Alhamis ta zo da la'asar ta ƙi tafiya. Aka kira magariba, Baba ya yi salla, tana nan zaune tana taya Inna tsinke zogale. Da aka kwashe tuwo ta ce in ɗauki tabarma in shimfiɗa a ƙofar gida, in kai kwanon Baba can. Baba ya ce ba inda za shi. Ta ce, "Shi ke nan, ni ma ba inda za ni. Emmanuel na can bai ci komai ba, in ya kwana da yunwa a wuyanka." Ya ce wannan wace irin fitinanniyar mata ce Allah ya haɗa shi da ita. Sannan ya ce in miƙo masa hularsa.

Muka laɓe a shagona ni da ita, fitila a kashe, muna leƙe ta taga. Ya zauna shi kaɗai da kwano a gaba, bai buɗe ba. Malam Zakari ne ya fara hango shi. Bai yi shewa ba, ya ɗauki kwanonsa kawai ya taho, sauran suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya. Suka zauna kamar jiya suka rabu, aka wanke hannu, aka haɗa kwanuka, aka yi bismilla. Baba ya kai hannu. Yana rawa, yatsu uku suka nutse a tuwon, suka gutsuro, lomar ta faɗi a gefen kwano. Ba wanda ya kalle shi. Malam Zakari ya ɗauko zancen tsadar taki, wani ya musa masa, gardama ta kaure. Baba ya sake kai hannu, ya damƙo, ya dangwali miya, ya ɗaga a hankali miyar kuka na ɗiga a gaban rigarsa, har ta shiga baki.

Na san mutanen nan, kafin ka juya sun share kwano. Amma ranar sai na ga kowa in ya ɗauki loma sai ya riƙe ta a hannu yana ta surutu, ba ya kaiwa baki sai Baba ya kai tasa. Tuwo ya huce, miya ta daskare, dattawa na ta jan gardamar da ba ta da kai, ba wanda ya tsame hannunsa.

Anti Naomi ta matso kunnena. Ta ce, "Kin ga kafaɗar? Yana ɗage ta in zai kai baki, in aka bari za ta dame shi. Akwai bita a Zariya wata mai zuwa kan kafaɗa, zan je."

Ni ban ga wata kafaɗa ba, idona ya cika. Muryar Babana kawai nake ji daga waje, yana ƙwala wa Inna kira wai a ƙaro miya.